Amsoshin Tambayoyinku: Me ya haɗa ƙoda da muƙamuƙi?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta yau daga Aboabo ta fito, nan Kumasi. Wata baiwar Allah ce ke cewa shekara 6 ke nan da aka cire wa mahaifinta ƙoda ɗaya saboda ciwon daji, wato kansa. Yanzu muƙamuƙinsa na ƙasa ya kumbura, leɓensa ya mutu kamar an yi masa allurar kashe zafi, an cire turmin haƙori amma wurin sai jini yake yi. Likita ya ce a sake hoton ciki. Ta ce, baki ke ciwo, me ya kawo ciki?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Likitan nan ya san abin da yake yi. Kansar ƙoda takan bi jini ta yi ƙaura, galibi zuwa huhu, ƙashi ko hanta, kuma takan yi lamo shekaru bayan tiyata kafin ta ɓullo. Ba kasafai take zuwa muƙamuƙi ba, amma in ta zo, ta fi son na ƙasa, can wajen turame. Jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji ta cikin wannan ƙashi ta ratsa, shi ya sa mutuwar leɓen ta fi kumburin ɗaga mana hankali.

Hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Za a ɗauki hoton muƙamuƙi da na CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, sannan a yanko 'yar tsoka a duba ta a madubin ɗakin gwaji. Akwai sinadaran da ake shafa mata, irin su na gwajin PAX8, masu nuna ko asalinta ƙoda ne. Amma fa kansar ƙoda cike take da jijiyoyin jini. Kada a bari kowa ya tsaga kumburin a gida, ko wanzami ya kafa ƙaho.

Mai yiwuwa ma ƙwayar cuta ce kawai ta ci ƙashin. Gwajin ne zai raba gardama.

Ku nufi sashen tiyatar baki da muƙamuƙi na Asibitin Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Ji. Ku riƙe katin inshorar lafiya na NHIS da takardun tiyatar ƙodar, musamman sakamakon gwajin tsokar wancan lokaci. Ko ba a tambaya ba, ki faɗi maganar ƙodar tun a teburin farko.

Sai wasiƙa ta gaba, daga Asawase.