Mai shan araƙi kullum: yadda ake ragewa har a daina ba tare da an jefa rai cikin haɗari ba

[Hoto: titin unguwa bayan magariba, ana rufe shaguna]

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Gadarif, Kasala, Sinnar, Mai Wurno, Damazin da Umdurman, da duk inda wannan bidiyo ya riske ku. Maganar yau irin wadda ake yi ƙasa-ƙasa ce bayan an kori yara waje: maganar mutumin da ba ya iya kwana sai ya sha araƙi, giyar nan ta dabino. An san gidan da yake zuwa, an san lokacin dawowarsa. Matarsa ta sani, maƙwabta sun sani, amma kowa ya kama bakinsa sai ranar da ya faɗi.

Hukuncin giya a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, mai shan ya fi kowa saninsa. Dokar ƙasa ma haka. A watan Satumba na 1983 shugaban Sudan na lokacin, Ja'afar Numairi, ya haramta ta, aka tuttular da kwalabe cikin kogin Nilu a Khartum. A 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba, Musulmi kuwa haramcin yana nan a kansa. Giyar dai ba ta tafi ko'ina ba, lungu ta koma. Ana dafa araƙi da dabino, ana yin marisa da dawa, ana sayarwa a jarka da tsofaffin gorunan ruwa. Ba mai auna ƙarfinta, kuma mai shanta ba shi da wanda zai tambaya ba tare da ya ji kunya ko tsoro ba.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe daga wannan bidiyo. Mutumin da ya daɗe yana sha kullum, kuma da yawa, idan ya tsaya cak rana ɗaya, shi kaɗai, ba magani ba mai kula da shi, hakan na iya kashe shi. Mutane da yawa ba su san wannan ba, har masu yi masa nasiha da zuciya ɗaya.

[Hoto: zanen ƙwaƙwalwa]

Dalilin yana cikin ƙwaƙwalwa. Akwai sinadaran da ke kwantar da ita, akwai masu zaburar da ita, kamar birki da totur a mota. Giya tana taka birki. Idan aka yi wata da watanni ana taka shi kowane dare, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara wa totur wuta don mutum ya iya tafiya da magana da aiki. Ranar da aka ɗage ƙafa daga birkin gaba ɗaya, totur yana nan a danne, sai motar ta ƙwace.

Abin yakan fara ne tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe. Hannu ya kama rawa, gumi ya keto, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ga tashin zuciya, ga fargabar da mutum bai san dalilinta ba. Cikin kwana biyun farko wasu sukan faɗi suna jijjiga kamar mai farfaɗiya. Mafi muni yakan zo a rana ta biyu zuwa ta huɗu: mutum ya rikice, bai san inda yake ba, jikinsa ya yi zafi, yana ganin ƙwari ko macizai a bango, yana jin muryoyi. Ba kowa ne ke kaiwa nan ba, amma wanda ya kai, idan ba a kai shi asibiti ba, ransa na cikin haɗari.

A nan ne iyalai suke ɓata hanya. Aka ga gumi da rawar jiki, sai a ce malariya ce, a aika yaro kantin magani. Aka ga yana surutai yana nuna bango, sai a ce iska ce ta taɓa shi, a kira mai ruƙiyya, a kwana ana karatu. Addu'a ba ta da laifi, a yi ta, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Dakta Tijani al-Mahi, wanda asibitin ƙwaƙwalwa na Umdurman yake ɗauke da sunansa, an san shi da girmama shehunnai da aiki tare da su, bai ga malami da likita a matsayin kishiyoyi ba. Kuma a lura da farkon Ramadan. Mutum ya yi niyya mai kyau, ya ce daga ganin wata ya tuba, ga azumi ga zafin rana ga rashin ruwa a jiki, sai a azumi na biyu ko na uku ya yanke jiki ya faɗi. Wanda yake so ya shiga Ramadan a tsarkake, tun Rajab ko Sha'aban zai fara shiri.

To yaya ake yi?

Da farko ka san nawa kake sha. Yawancin masu sha ba su sani ba, don ana zuba musu ne ana ƙarawa. Ɗan'uwana, ka zaɓi kofi guda, shi kaɗai za ka riƙa aunawa da shi. Mako guda cur ka rubuta a waya ko a takarda: kofi nawa, ƙarfe nawa, da wa, me ya faru kafin nan. Kada ka rage komai tukuna, ƙirga kawai. Abin da za ka gani a ƙarshen mako zai iya ba ka tsoro, amma da shi za a yi aiki.

Sai ka duba kanka da gaskiya. Hannunka yana rawa da safe? Kana buƙatar ɗan kurɓa kafin ka iya fita aiki? Ka taɓa faɗuwa kana jijjiga lokacin da ka yi ƙoƙarin dainawa? Idonka ya taɓa yin rawaya, ko kana da ciwon suga, ko kana haɗawa da tiramadol ko ƙwayar barci? In ko ɗaya daga cikin waɗannan ya same ka, wannan ba aikin da za ka yi kai kaɗai ba ne. Ka je wurin likita ko ma'aikacin lafiya na cibiyar da ta fi kusa, ka faɗa masa adadin nan yadda yake. Akwai magunguna irin su diazepam da ake bayarwa na 'yan kwanaki, ana rage su a hankali, suna riƙe ƙwaƙwalwa har guguwar ta wuce. Da su mutum zai iya ajiye kofi tun ranar farko. Amma kada ka saya da kanka ka haɗa da araƙi, haɗin nan yana tsayar da numfashi. Ana kuma ba da bitamin B1, domin mai sha kullum yakan rasa shi, rashinsa kuma yana lalata ƙwaƙwalwa da tunani, wani lokaci har abada.

Na san halin da ake ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 asibitoci da yawa sun rufe, wasu garuruwan likita ya yi nisa, kuɗin mota ma aiki ne. Inda ba a samu likita ba, abin da masana suke ba da shawara shi ne ragewa sannu a hankali, kamar kashi ɗaya cikin goma duk bayan 'yan kwanaki. Mai shan kofi goma ya koma tara, ya tsaya a nan kwana uku ko huɗu, jiki ya saba, sannan takwas. In rawar jiki da gumi suka yi tsanani, an yi sauri ke nan, a dakata a matakin da ake. Kada a sha da yunwa. A ci kisira ko asida da miya, a ci ful, ƙwai, gyaɗa, abin da ya samu, a sha ruwa sosai. Kuma lallai wani a gida ya san abin da ake ciki, ya kwana kusa.

Wani zai ce, yanzu kai kana ce wa Musulmi ya ci gaba da shan haram? Tambaya ce mai nauyi kuma ba na raina ta. Hukunci ya riga ya sauka, ba ya komawa baya. Abin da nake cewa shi ne mutumin nan fita yake yi, jikinsa kuma yana da ciwon da fitar gaggawa za ta iya kashe shi. Inda akwai magani, a bi ta magani, shi ya fi tsafta kuma ya fi aminci. Mu kuma tuna yadda haramcin ya zo wa sahabbai: aya ta 219 a Baƙara, sannan ta 43 a Nisa'i, sannan ta 90 a Ma'ida. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ce da farkon abin da ya sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za su taɓa barinta ba. Wanda Ya halicci ɗan Adam Ya san yadda sabo yake kama shi.

[Hoto: jarka da gorunan roba marasa tambari]

Araƙi yana da wani haɗarin na daban. Ƙarfin na yau ba shi ne na gobe ba, don haka mai ragewa kada ya riƙa canja wurin saye, lissafinsa zai rikice. Wani lokaci kuma akan samu wata guba mai suna metanol a ciki, musamman idan an gauraya da sinadarin masana'anta don a ƙara riba. Shi ba ya nuna kansa nan take, sai bayan rabin yini ko yini guda: ciwon kai, ciwon ciki, numfashi sama-sama, gani ya dushe kamar hazo ya rufe ido. Wanda ya ga haka asibiti kai tsaye, tare da duk wanda suka sha tare, don awoyi kaɗan ne tsakaninsa da makanta.

Sai hanta. Mutanenmu da yawa masunta ne a bakin Nilu, ko masu aiki cikin ruwan gonakin Jazira, inda bilharziya, wato tsargiya, ta yi yawa, nau'inta na hanji kuwa hanta yake ci. Ciwon hanta nau'in B shi ma ya yaɗu a ƙasar nan, mutum yana ɗauke da shi shekaru bai sani ba. Hantar da ke fama da waɗannan aka ɗora mata araƙi kullum, ba ta daɗewa. Idan ka samu zuwa asibiti, ka roƙi a gwada maka. Abin farin ciki, kitsen da giya ke tarawa a hanta yakan narke cikin makonni bayan an daina, muddin ba a kai ga ta ƙandare ba.

Kwanakin haɗari bayan kofin ƙarshe galibi ba su fi mako guda ba. Abin da ke daɗewa shi ne sabo, shi kuma sabo yana da lokacinsa da wurinsa da abokansa. Koma kan takardar nan taka. Za ka ga galibi lokaci ɗaya ne, tsakanin magariba da isha ko bayan isha, kuma hanya ɗaya ce ƙafarka ke bi. Canja hanyar. Cika lokacin da wani abu tun kafin ya zo: zama wurin mai shayi, karatun dare a masallaci, kofin karkade ko aradeb mai sanyi a hannu. Sha'awar takan taso da ƙarfi kamar za ta kashe ka, amma in ka jure mata kamar rabin awa, ka tashi ka taka, ka kira wani, takan lafa. Ranar biya ita ce babban tarko, musamman ga masu aikin yankan riɗi da dawa a gonakin Gadarif, da kuɗin wata guda ke shigowa hannu lokaci ɗaya nesa da gida. Tura kuɗin gida tun kafin rana ta faɗi, ko ka damƙa wa wanda ka amince da shi.

Da yawa suna cewa don barci suke sha. Wanda ya gudo daga gidansa, ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba, ba wanda zai yi masa dariya a kan wannan. Amma giya tana kawo barci da wuri ne ta kuma yanke shi tsakar dare, mutum ya farka cikin fargabar da ta fi ta jiya. Bayan an daina, barci yakan ɗauki makonni kafin ya daidaita, a sa ran haka. Wannan damuwar ita ma ciwo ce da ake magani, ka faɗa wa likita ita kamar yadda ka faɗa masa adadin kofi.

Ku kuma iyali, uwargida, iyaye, yayye. An taɓa kawo wani sahabi gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an sha kawo shi kan shan giya, sai wani ya la'ance shi. Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Gori da tonon asiri a gaban yara ba sa rage kofi ko ɗaya. Ku yi masa magana da safe lokacin da yake cikin hankalinsa, mutum ɗaya ko biyu da yake jin nauyinsu. Kada ku zubar da abin da ya ɓoye gaba ɗaya ku kulle shi a ɗaki, kun ji abin da hakan ke jawowa. Amma 'yar'uwa, idan yana dukanki ko yana dukan yara, tsira da lafiyarku shi ne farko, ki sanar da manyanki, haƙuri bai haɗa da wannan ba.

In ya faɗi yana jijjiga, ku kawar da abin da zai ji masa rauni, kada ku danne shi, kada ku sa masa cokali ko ruwa a baki. Da ya lafa ku kwantar da shi ta gefe ɗaya don kada amai ya shaƙe shi, sannan a nemi mota. Haka ma idan ya yi aman jini, ko ya rikice bai gane mutane ba.

Idan kuma bayan wata biyu ko uku ya koma ya sha, hakan yana faruwa da mutane da yawa kafin su rabu da ita. Abin tsoro a nan shi ne jikinsa ya riga ya sauka daga sabo, adadin da yake sha a da yanzu zai iya sumar da shi. Washegari a sake ɗauko takardar, a duba me ya faru a ranar, wa ya haɗu da shi, nawa ne a aljihunsa, a koma wurin ma'aikacin lafiyar da ya san labarinsa.