Amsoshin Tambayoyinku: Dokar Ciyawa a Gidajen Las Vegas

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Takardarmu ta farko a yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Damagaram, wanda yake cewa: "Da gaske ne akwai garin da hukuma ke hana magidanci shuka ciyawa a ƙofar gidansa a Amurka?"

To, malam, gaskiya ne, kuma misalin da ya fi shahara shi ne birnin Las Vegas na jihar Nevada. Birni ne da ke tsakiyar hamada, ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce kimanin milimita 100 ba, wato kwatankwacin abin da Agadas ke samu. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da jama'arsa ke sha daga tafkin Mead yake zuwa, wanda madatsar Hoover ta tare a kan kogin Kolorado. Tafkin ya daɗe yana ja baya, har a watan Yulin 2022 ya sauka zuwa kimanin kashi 27 cikin 100 na abin da yake iya ɗauka, duwatsun gefensa suka fito da farin zane mai nuna inda ruwa yake tsayawa a da.

Tun a 2003 hukumomin yankin suka hana shimfiɗa ciyawar ado a gaban sababbin gidaje, suka kuma taƙaita ta a lokacin zuwa rabin filin bayan gida. A 2021 majalisar jihar ta kafa dokar da ta ce daga farkon 2027 ba za a ƙara shayar da ciyawar da babu mai taka ta da ruwan kogin Kolorado ba, irin wadda ke tsakiyar titi, shataletale da gaban ofisoshi. Sai dai a lura, wannan doka ba ta shafi gidan mutum na kansa ba. Wanda ya riga ya mallaki ciyawa a tsohon gidansa ba a tilasta masa tumɓuke ta, ana dai ƙayyade masa lokacin ban ruwa: kwana ɗaya a mako lokacin sanyi, da zafi kuma ba a fesa ruwa daga ƙarfe 11 na safe zuwa 7 na yamma, ranar Lahadi kuwa an hana ɗungurum. Wanda aka ga ruwansa yana malala kan titi, tara ce za ta biyo baya.

A ganinmu, abin da ya fi tarar tasiri shi ne kuɗi. Tun 1999 hukumar ruwa ta kudancin Nevada take biyan magidancin da ya cire ciyawarsa, kuma a 2018 ladan ya kai dala 3 a kan kowace ƙafa murabba'i. Sharaɗin shi ne kada a bar filin fayau da tsakuwa kawai. Dole a dasa tsirran da idan sun girma za su rufe rabinsa, a kuma shayar da su da siririn tiyo mai ɗiga ruwa a gindin kowane.

Akwai kuma jihohin da matsalar ta zo ta wata fuska, domin ƙungiyoyin masu gidaje na unguwanni ne ke tilasta wa kowa ciyawa kore shar. Shi ya sa a 2013 Texas ta hana irin waɗannan ƙungiyoyi haramta tsirrai masu jure fari.

Wata mai sauraronmu daga Katsina kuma tana tambaya ko tsiron asalin wuri da mai jure fari abu ɗaya ne. A'a, malama, sun bambanta. Dogon yaro yana jure fari matuƙa, amma daga yankin Indiya aka kawo shi. Aduwa da bagaruwa kuwa 'yan ƙasa ne. Tsarin Las Vegas ya fi damuwa da yawan ruwan da tsiro ke sha, don haka baƙon tsiro ma yana samun shiga muddin ba mai ƙishirwa ba ne.