Sharhi: Littafin da ke da kumbo ko dodo a bangonsa

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, na Makka da Jidda da Madina da duk inda muryarmu ta kai. Sharhinmu na yau a kan wasu littattafai ne da ke yawan jawo ka-ce-na-ce tsakanin iyaye da 'ya'ya a gidajen Hausawan ƙasar nan ta Saudiyya, wato riwayoyi, ƙagaggun labaran nan da ake gani da hoton kumbo, ko mutum-mutumi, ko dodo mai fukafukai a bangonsu. Yaro zai sayo ɗaya a maktaba, ko a baje kolin littattafai na Jidda ko na Riyad. Uba ya juya bango ya ce, "Wannan ai ƙarya ce tsagwaronta." Uwa ta ce ita tsoronta sihiri. Babban wa ya taɓe baki ya ce karatun yara ne. Duk cikinsu ba wanda ya buɗe shafin farko, alhali auna irin wannan littafi bai wuce aikin rabin sa'a ba.

Iri biyu ne, ko da yake masu shaguna kan jera su a kanta ɗaya a yi musu kuɗin goro. Akwai ƙagaggen labarin kimiyya, wanda 'ya'yanmu ke kira hayal ilmi da Larabci, akwai kuma labarin almara, wanda suke cewa fantaziya.

A ƙagaggen labarin kimiyya, marubuci kan canza abu ɗaya ko biyu a duniyar da muka sani, ya bar sauran dokokin halitta yadda Allah ya tsara su, sannan ya bi sawun abin da zai biyo baya. A ce ya kai wani saurayi ɗan Jidda duniyar Mas ya zaunar da shi. Daga nan hannunsa a ɗaure yake. Saƙon rediyo tsakaninmu da Mas yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, gwargwadon nisan da ke tsakani a lokacin. Ke nan saurayin nan ba zai ɗaga jawwal, wato wayar hannu, ya ce "Umma, ina kwana" ta amsa masa nan take ba. Idan nisa ya kai maƙura, sai ya jira fiye da minti 40 kafin "lafiya lau" ta dawo masa. Marubucin da ya sa su hira kai tsaye ya yi ha'inci, mai karatu mai lura kuma zai kama shi. Wanda ya san aikinsa kuwa a cikin jiran nan zai samo labarinsa: me uwa ke yi a minti 40 ɗin, in ɗanta ya ce iskarsa ta kusa ƙarewa? Shekarar Mas kwana 687 ce, yininta ya ɗara namu da kusan minti 40, ga kuma ƙananan watanni biyu da ke zagaya ta. To, wane jinjirin wata zai duba ya ɗauki azumi?

Kada a ɗauka tambayar wasa ce. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kimanin kilomita 400 sama da mu, tana zagaya duniya duk minti 90, mazauna cikinta suna ganin fitowar rana sau 16 a kwana ɗaya. A 2007, da ɗan Malesiya Sheikh Muszaphar Shukor zai tafi can cikin watan Ramadan, sai da malaman ƙasarsu suka zauna suka fitar da ƙa'ida: ya bi lokutan sallah na wurin da aka harba shi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko. Yarima Sultan bin Salman ya je sararin samaniya tun 1985, Rayyana Barnawi da Ali Alƙarni suka je tashar a watan Mayun 2023. Yaron da ke tambayar yadda ake alwala inda ruwa ba ya zuba ƙasa, tambayar fiƙihu yake yi.

Wani lokaci ma kuskuren marubuci shi ne darasin. A 1865 Bafaranshen nan Jules Verne ya rubuta labarin mutum uku da aka harba zuwa wata daga Florida ta Amurka, jihar da aka harba 'yan sama jannatin 1969 daga cikinta. Sai dai shi a cikin wata ƙatuwar igwa ya cusa su. Kafin abu ya kuɓuce wa jan ƙasa sai ya kai gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa ɗaya. In aka ce a kai wannan gudu a cikin bututun da bai cika mita 300 ba, nauyin da zai danne fasinja ya haura nauyin jikinsa sau 20,000, alhali matuƙin jirgin yaƙi da ƙyar yake jure sau 9. Shi ya sa roka take ƙara gudu sannu a hankali na tsawon mintuna. Ɗalibin sakandare da aka ba shi wannan lissafi ya yi da kansa ba zai manta da shi ba.

Labarin almara kuwa ba ya neman izinin kimiyya. Marubuci na iya ƙirƙiro ƙasa da taswirarta da sarakunanta, da zoben da ke ɓatar da mutum. Amma shi ma da dokarsa, kuma a nan ake rarrabe gwani da ɗan koyo. Duk wani ƙarfi da aka ba jarumi dole ya kasance da iyaka da farashi, a kuma sanar da mai karatu tun da wuri. Idan zobe sau uku kacal yake aiki, mai karatu zai riƙa ƙirgawa gabansa na faɗuwa. Idan kuwa duk sanda jarumi ya shiga tsaka mai wuya sai wani sabon laƙani ya faɗo masa wanda ba a taɓa ambata ba, labari ya mutu, ko da saura shafi 300. Wannan ita ce cutar da ta fi addabar littattafan yaƙi masu kashi-kashi, na Hausa da na Larabci duka: sadauki ya kashe dubu a kashi na ɗaya, sai a rasa abin yi a kashi na biyu illa a mai da su dubu ɗari.

Tsofaffin masu ba da labari sun san wannan doka. A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai dokin katako mai tashi. Da maɓalli yake aiki, kuma ɗan sarkin da ya hau shi na hawa kawai aka nuna masa. Sai da ya lula sama, hankalinsa ya tashi, ya yi ta lalube a kafaɗar doki kafin ya gano na sauka. Duk daɗin wurin daga rashin sanin maɓalli ɗaya ya fito.

Zancen ƙarya ba zai ɗauke mu lokaci ba. Maƙaryaci so yake a gaskata shi. Mai tatsuniya kuwa da bakinta take rufewa da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, kowa kuma ya san matsayin abin da ya ji. Kalmar riwaya da aka buga a bango aikin da take yi ke nan. Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, har ƙasar aljanu ya kai jaruminsa. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani baƙo daga sama ya ɗauki yaro Kilba ya zagaya da shi sararin samaniya. Ga kuma wani abin dariya: da yawa daga iyayen da ke faɗan nan su ne suka taso a gaban talabijin suna jiran Girandaiza, jarumin ƙarfe na wani shirin zane mai motsi, wanda aka kafa wa mutum-mutumi mai tsawon fiye da mita 30 a Riyad.

Tsoron sihiri shi ne mai nauyi, kuma ba mu raina shi ba. Sihiri haramun ne a addini, aikata shi laifi ne a dokar ƙasar nan, uwar da gabanta ya faɗi tana da hujja. Ƙasar ma kanta ta yi wannan muhawara. A 2013 Ibrahim Abbas ya fitar da riwayar Haujan, wadda aljani ke ba da labarinta da bakinsa, bayan wasu mutane sun tare a gidan da yake zaune a Jidda. Kafin shekara ta ƙare an kwashe ta daga wasu shaguna bisa zargin tana jan matasa zuwa sihiri. Daga baya ta koma kasuwa, kuma a 2023 fim ɗinta ne ya buɗe bikin fina-finai na Bahar Maliya a Jidda. Shekara goma ke tsakani, littafin kuma bai canza ba.

Hukunci na malamai ne, kuma ra'ayoyinsu sun bambanta a kan wannan fanni. Amma ko malami za a kai wa tambaya, gara a je da sanin abin da ke ciki. Ga yadda ake dubawa. A karanta shafi 20 na farko, sannan babi ɗaya daga tsakiya, sannan shafi 10 na ƙarshe. Tsakiyar ta fi muhimmanci, domin marubuta kan fara da ladabi, sai sun riƙe mai karatu suke sakin jiki. Ana karantawa ana neman abu uku. Shin littafin labari yake bayarwa, ko hanya yake koyarwa? In aka ga hatimi da ɗalasimai, da sunayen da za a kira da adadinsu, da turaren da za a ƙona da sa'ar da za a yi, wannan ya fita daga sahun riwaya ko da an lulluɓe shi da labari, a raba yaro da shi. In kuwa matsafi ne a wata ƙasa da babu ita ya ɗaga sanda dutse ya tsage, babu abin da yaro zai kwaikwaya a ciki. Na biyu, sai a duba wane ne labarin ke ɗaukakawa, kuma me ya samu wanda ya nemi mulki ta kowace hanya. Na ukun shi ne wanda iyaye suka fi sakaci da shi: a yawancin manyan littattafan almara da aka fassaro daga Turai da Amurka, batsa da zubar da jini sun fi sihiri zama matsala. An rubuta su ne don manya, amma zanen bango ya sa a ɗauka na yara ne. Haka wasu daga littattafan zane na Japan da ake kira manga. Sau da yawa akwai alamar shekaru a bayan bango, a duba ta kafin a biya kuɗi.

In an gama, a kira mai littafin a ce, "To, ɗan Baba, ba ni labarinsa. Wace doka ce ke tafiyar da duniyar nan tasu, kuma ina ta saɓa da tamu?" Amsarsa za ta nuna ko ya san inda labari ya tsaya.

Su kuma masu son farawa, manya da yara, abin da ke korar mutane sananne ne. Shafukan farko kan zo da sunayen ƙasashe da ƙabilu da na'urori ba tare da bayani ba, sai mutum ya ɗauka kansa ne bai ja ba. Da gangan ake yin haka, ana so ma'ana ta fito daga yadda aka yi amfani da kalmar. A yi haƙuri zuwa shafi 50, a kuma ajiye 'yar takarda a cikin littafin ana rubuta sunan kowa da dangantakarsa. In an kai 50 ba a damu da abin da zai samu kowa a ciki ba, a ajiye, ba laifi. Kada a fara da silsila mai juzu'i bakwai. Gajerun labarai sun fi, ko ƙananan riwayoyin aljihu na Masar da suka raini masu karatu da yawa a nan da Sudan, irin na Nabil Faruk da suka fara fita a 1984, da na Ahmad Khalid Taufik da suka biyo baya. Larabcinsu mai sauƙi ne, ana gama ɗaya a zama guda. In silsila aka saya, a tabbatar da lambar juzu'i, domin mai shago abin da ya rage masa yake sayarwa.

Fassara ma tana kashe littafi. A buɗe shafin da ke bayan take, a ga sunan mai fassara da na kamfanin ɗab'i. In babu, a yi hattara. In an rubuta cewa an taƙaita ko an yi tasarrufi, to an yanke wani abu, kuma galibi bayanin dokar duniyar ake yankewa, shi ya sa ƙarshen ke zuwa ba kai ba gindi. Idan mutum biyu suka fassara juzu'i biyu na silsila ɗaya, sunan jarumi na iya canza rubutu a hanya. Kwafin da ke yawo a Telegram da WhatsApp kuwa, wani shafukansa sun zube, wani na'ura ce ta fassara shi ba wanda ya duba, ban da haƙƙin marubuci da aka danne.

Saura na Hausa. Yawancin 'ya'yanmu a nan suna jin Hausa ras, amma da Larabci suka yi makaranta, boko bai zauna musu ba. Wanda ya san haruffan Turanci abin da ya rage masa kaɗan ne: masu lanƙwasa ɓ da ɗ da ƙ, sai ts da 'y, da kuma c da ake furtawa kamar a ciki da cokali. Samun littattafan a shagunan nan da wuya, sai dai a yi saƙo ta hannun 'yan'uwa masu zuwa Umara daga Kano ko Zariya. In sun iso, babba ya riƙa karanta shafi biyu da ƙarfi bayan sallar isha'i yaro na bin layi da yatsa, sannan a miƙa masa ya karanta na uku.