Gwajin kunnen jariri a Ingila: takardar da bai kamata ta jira arba'in ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Masu bibiyata sun san aikina a nan Ingila gwajin ji ne, a sashen yara na wani asibitin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati. Sababbin zuwa kuma, sannunku. Yau maganar jarirai zan yi. Duk mai ciki, ko wadda ta haihu kwanan nan, ko Hajiyar da ta taso daga gida ta zo yi wa 'yarta zaman jego, ta matso kusa. Maza ma kada ku wuce, don sau da yawa ku ne kuke fara buɗe wasiƙun asibiti.

A ƙasar nan duk jaririn da aka haifa ana yi wa iyayensa tayin a gwada masa ji, kyauta. An fara shirin a 2001, ya game Ingila baki ɗaya a 2006. Galibi tun kafin a sallami mai jego ake yi, in ba a samu dama ba sai a yi a makonnin farko. Cikin jarirai 1,000, ɗaya zuwa biyu ana haifarsu da raunin ji na dindindin, a kunne ɗaya ko duka biyun. Waɗanda suka haura awa 48 a ɗakin kulawa ta musamman kuwa, abin yakan kai kusan ɗaya cikin 100. Kuma wajen tara cikin goma na yaran nan, uwa tana ji, uba yana ji. Shi ya sa ba a tsayawa tambayar ko akwai kurma a dangi. Kowa ake gwadawa.

Gwajin farko ba ya ɗaukar lokaci. Za a saka ɗan abu mai laushi a kunnen jariri, ya riƙa fitar da ƙara ƙas-ƙas-ƙas a hankali. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wata gaɓa a naɗe da muke kira katantanwar kunne. In tana da lafiya, da ƙara ta shiga sai ita ma ta mayar da wata 'yar amsa, kamar ka yi kira a bakin rijiya ta amsa maka. Wannan amsar ce na'ura take kamawa. Wani masani a Landan, David Kemp, shi ya gano haka a 1978, kuma a kan bincikensa aka gina wannan gwaji. In ba a samu amsa ba sai a yi na biyu: a liƙa ƙananan wayoyi uku a kai da wuyan jariri, a sa masa abin sauraro, a duba ko jijiyar ji tana kai saƙo ƙwaƙwalwa. Babu allura, babu zafi. Yana barci ma aka fi so.

To, ga inda nake so mu tsaya. Wani lokaci za a ce muku ba a samu amsa bayyananniya ba. Wannan ba yana nufin ɗanku kurma ne ba. Ruwan haihuwa yakan rage a kunne, ko jariri ya yi ta motsi, ko ɗakin ya cika hayaniya. Da yawa daga waɗanda ake turo mana, mun gwada mun ga kunnensu lafiya lau. Amma za a ba ku takardar zuwa sashenmu cikin mako huɗu, kuma wannan takardar ce mutanenmu suke ajiyewa. Mai jego tana cikin wanka, an sha hidimar suna, baƙi suna ta shigowa barka, ga sanyi. Sai kaka ta ce, "Ina za a kai ɗanyen yaro a wannan iska? A bari a yi arba'in." Ana gama arba'in sai a yanki tikiti a tafi gida nuna jariri ga dangi. Na sha ganin yaron da ya kamata in gani yana ɗan wata guda, sai ga shi an kawo shi yana rarrafe.

Iyayenmu mata, Allah ya saka muku, na san tausayi ne ya sa. Amma mako huɗun nan da dalilinsa. Cikakken gwajin da muke yi yana buƙatar jariri ya yi barci mai nauyi, ɗan wata ɗaya kuwa da ya sha nono shi ke nan. Da ya haura wata uku sai barcin ya yi wuya, wani har sai an ba shi maganin barci. Sannan akwai wata ƙwayar cuta, CMV, da jariri kan ɗauka tun yana ciki, tana cikin manyan abubuwan da ke kawo kurumta. Ana gane ta a yawu ko fitsari, amma sai an ɗauka cikin kwana 21 na farko kafin a tabbatar da ita aka haife shi. In lokacin ya wuce, tabbatarwar takan yi wuya, maganin da ake iya bayarwa ma da wuri ake fara shi.

Abin da aka fi ce min shi ne, "Ai mun gwada a gida, mun tafa hannu ya juyo." Jaririn da ba ya ji idonsa kaifi ne da shi. Yana ganin inuwarki, yana jin iskar tafin a fatarsa, in an buga ƙofa yana jin girgizar a jikin gado. Wani kuma yana jin babbar ƙara, amma siraran sautukan magana irin su "s" da "sh" da "ts" ba sa isa gare shi. Kuka ma yana yi, dariya yana yi, gwarancin watannin farko duk yana yi. Sai wajen wata shida zuwa goma, lokacin da sa'o'insa suke fara "ba-ba-ba" da "da-da-da", a nan ne nasa yake makara. Daga nan sai a shiga cewa nauyin baki ne, babansa ma sai da ya shekara uku. Wasu a kira wanzami ya yanke linzami. Alhali ba a harshe matsalar take ba. Yaro abin da ya shiga kunnensa yake maimaitawa.

Ƙwaƙwalwar jariri a shekarun farko take gina hanyoyin harshe, kuma ba ta jira. A 1998 wata mai bincike a Amurka, Christine Yoshinaga-Itano, ta nuna cewa yaran da aka gano matsalarsu kafin wata shida sun fi waɗanda aka gano daga baya ƙwarewa a harshe, nesa ba kusa ba. Ƙa'idar da masu sana'armu suke bi ke nan: a tantance kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6.

In an tabbatar, ba a barin iyaye su kaɗai. Muna auna kunne mu haɗa na'urar ƙara ji, ita da batir ɗinta duk kyauta. Robar da ke shiga kunne sai an yi ta sakewa, saboda kunnen jariri girma yake yi da sauri. Akwai malamar yara kurame da ke zuwa har gida, akwai mai koyar da magana. In raunin ya yi tsanani har na'urar ba ta wadatar ba, sai a duba yiwuwar tiyatar dasa na'ura a katantanwar kunne. Amma fa ko wacce aka sa, ba a wayi gari yaro yana zuba ba. Aikin yana hannun wadda take goya shi, take masa wanka, take masa waƙa.

A nan ne abu na biyu da ke ci min rai yake shigowa. Da an ce yaro yana da matsalar ji ko jinkirin magana, sai gida ya yanke shawarar daina masa Hausa, wai kada a rikita shi. Sai ka ga uwar da bakinta ba ya shiru da Hausa ta koma "kam hiya" da "sit dawun", kalma biyar tana juyawa yini guda. Yaron da ya fi kowa buƙatar magana mai yawa, shi aka rage wa. Harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana, kuma ƙungiyar masu koyar da magana ta Birtaniya tana goyon bayan a riƙe harshen gida. Mu ma ma'aikata akwai gyara a wajenmu. Gwaje-gwajen auna kalmomin yaro da muke da su a kan yara masu Turanci aka tsara su, in aka auna ɗan Bahaushe da su kaɗai, rabin abin da ya sani ba zai fito ba. Ku nemi tafinta, haƙƙinku ne, kuma kada a ɗora wa yayarsa 'yar makaranta wannan nauyi. Ku rubuto kalmomin da yake faɗa da Hausa ku zo da su, a ƙirga.

Maganar hannu kuma, don Allah a daina ɓoye ta. Ba ta hana yaro magana da baki. Cikakken harshe ne, har majalisar ƙasar nan ta yi wa na Birtaniya doka a 2022. Mu ma kuramenmu a Kano suna da tasu tun da daɗewa, wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da su ta yi nazarinta. Ina aiki da kurame manya masu digiri da iyali. Abin da ke durƙusar da yaro shi ne ya shekara huɗu babu harshe ko ɗaya, ba na baki ba na hannu.

Masu kallona daga gida, na san za ku ce mu ina muka ga wannan gata. Gaskiya ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce kashi 93 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko ma'aikacin gwajin ji ɗaya ga mutum miliyan guda. Duk da haka akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa. Jaririn da shawara ta kama sosai, bakwainin da ya kwanta a kwalba, wanda aka daɗe ana yi wa allurar jentamaisin mai kashe ƙwayoyin cuta, yaron da ya tashi daga ƙyanda ko hangum, duk a kai a gwada. Sanƙarau kuwa ya fi gaggawa, don bayansa katantanwar kunne tana iya fara zama ƙashi, har dashen na'ura ya gagara. A nan Ingila cikin mako huɗu ake gwada yaron da ya tashi daga ita, ku ma kada ku wuce haka in da hali.

Wanda takardarsa ta ɓata ko ranar ta wuce, ya duba jan littafin nan da ake rubuta bayanan lafiyar jariri, sakamakon gwajin yana ciki, ya kira ma'aikaciyar lafiyar da ke zuwa gida ta sake nema masa wata rana. Ko jariri ya ci gwajin farko, in daga baya kin ga alamar ba ya ji, ki sake neman a gwada shi, don wani raunin daga baya yake zuwa. A bidiyo na gaba zan zauna da wata abokiyar aikina mai koyar da magana, mu tattauna kan dattawan da baki ya ɗauke musu bayan shanyewar ɓarin jiki. Sai mun haɗu, a gaida mutan gida.