Ƙararrawar coci da kiran salla: yadda addinai suka taru a jihar Michigan

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Zainab ce, tare da Malam Kabiru da kuma Danjuma. Yau mun nufi Amurka, jihar Michigan da ke arewa, daf da iyakar Kanada. Malam, yawancinmu idan aka ce Michigan, motoci muke tunawa. Me ya haɗa ta da zancen addini?

Malam Kabiru: Wa alaikumus salam. Ai motar ce ta jawo rabin labarin, Malama Zainab. Amma kafin ta akwai masu ƙasa, ƙabilun Ojibwe da Odawa da Potawatomi, da addininsu na gargajiya. Sai Faransawa suka shigo ta ruwa suna cinikin fata, limaman Katolika na biye da su. A 1668 Fada Marquette ya kafa mishan a Sault Ste. Marie. A 1701 aka kafa Detroit, kuma a shekarar ce aka fara cocin Sainte Anne, wadda har yau ake ibada da sunanta.

Zainab: Su masu ƙasar fa?

Malam Kabiru: Sun sha wuya ƙwarai. An kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kwana, aka hana su harshensu da ibadarsu. Sai a 1978 Amurka ta yi dokar da ta amince da 'yancin addininsu. A kan ƙasar kakanninsu fa.

Danjuma: Malam, bari in shigo nan, domin yammacin jihar ya shafe mu kai tsaye. A 1847 wani fasto, Albertus van Raalte, ya jagoranci mutanensa daga ƙasar Holand bayan sun saɓa da cocin gwamnati a can. Suka sari daji suka kafa gari, suka sa masa suna Holland. Daga cikinsu ne cocin Christian Reformed ta fito a 1857, kuma hedikwatarta na Grand Rapids. Mu mutanen Takum mun san wannan suna tun muna yara. Johanna Veenstra, 'yar wannan coci, ta yi aikin mishan a Lupwe, kusa da Takum, har ta rasu a 1933, daga baya cocin ta karɓi aikin gaba ɗaya. Cocin CRCN, wato Christian Reformed ta Najeriya, da ake gani a Taraba, can tushenta yake.

Zainab: Ikon Allah! Daga bakin tafkin Michigan har Takum.

Danjuma: Har ma da Adventist, masu ibada ranar Asabar. A Battle Creek suka tsara cocinsu a 1863, ga shi yau suna da asibiti a Jengre.

Zainab: To Malam, mu koma ga motar.

Malam Kabiru: A 1914 Henry Ford ya ce zai riƙa biyan ma'aikaci dala 5 a rana, kusan ninki biyu na abin da aka saba. Labari ya bazu duniya. 'Yan Poland suka zo da Katolikarsu, baƙaƙen fata suka taso daga kudu da cocinsu na Baptist, Larabawa suka zo daga Sham, Kirista da Musulmi. Kowa in ya samu ɗaki da abinci, abu na gaba da yake nema shi ne wurin ibada. A 1921 wani ɗan kasuwa, Muhammad Karoub, ya gina masallaci a Highland Park kusa da masana'antar Ford. Bai daɗe ba aka rufe shi, amma yana cikin na farko-farko da aka gina musamman don salla a Amurka.

Danjuma: Kuma kada mu rufe ido a kan ɗaya gefen. Shi Ford ɗin da ya ba su aiki, jaridarsa ta shafe shekaru tana zuba ƙarya a kan Yahudawa, alhali Yahudawan suna da majami'a a Detroit tun 1850. Baƙo a jihar nan ba ya samun shimfiɗa cikin sauƙi.

Zainab: Na karanta cewa Nation of Islam, ƙungiyar addini ta baƙaƙen fatar Amurka, ma a nan ta fara.

Malam Kabiru: A Detroit, 1930, hannun wani W. D. Fard, sannan Elijah Muhammad ya gaje shi. Aƙidarsu ta yi hannun riga da Musuluncin da muka sani, wannan ba ɓoyayye ba ne. Amma da Elijah ya rasu a 1975, ɗansa Warith Deen ya ja mafi yawan mabiya zuwa ga salla biyar da azumin Ramadan. Kin san inda aka haifi Warith Deen? Hamtramck.

Zainab: Yawwa, garin da nake jira ke nan. Ku ba ni shi filla-filla.

Malam Kabiru: Ƙaramin gari ne, Detroit ta kusa zagaye shi, mutanensa wajen 28,000. Da can na 'yan Poland ne, ma'aikatan masana'antar Dodge. Har Fafaroma John Paul na biyu, ɗan ƙasarsu, ya ziyarce su a 1987. Da aiki ya ja baya suka yi ta ƙaura, 'yan Yaman da Bangladesh da Bosniya suka maye gidajen. A 2004 masallacin Al-Islah ya nemi izinin kiran salla da lasifika. Kuma masallacin na fuskantar wata cocin Katolika, titi ne kawai a tsakani.

Zainab: Lallai an yi ta.

Malam Kabiru: An yi ta sosai. Zauren majalisar gari ya cika, wasu tsofaffi suna cewa a nan aka haife su, ba za a riƙa cusa musu addinin wani a kunne ba. Musulmi kuma suka ce shekara da shekaru suna jin ƙararrawar coci ba su taɓa ƙorafi ba. Majalisa ta amince, masu adawa suka tara sa hannu, aka je ƙuri'ar jama'a, izinin ya tsaya.

Danjuma: Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka rubuta dokar. Ba a ce ta masallaci ba ce ita kaɗai. Ƙararrawa da kiran salla aka sa ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare.

Zainab: Ke nan Asuba ba ta shiga ba?

Danjuma: A mafi yawan shekara ba ta shiga, da rani har Isha'i kan wuce lokacin. Kowane ɓangare ya bar wani abu. Ni a ganina wannan ya fi dogon jawabin zaman lafiya amfani, domin an zauna an yi maganar ƙarfe nawa da ƙara nawa.

Malam Kabiru: Na yarda, amma kada a ɗauka rigima ta ƙare. A zaɓen 2021 dukan kujerun majalisar garin suka koma hannun Musulmi, Amer Ghalib ɗan asalin Yaman ya zama magajin gari. Yanzu su ne masu rinjaye, su ake kallo a ga yadda za su riƙe marasa rinjaye. Wannan jarrabawa ta fi ta 2004 nauyi.

Zainab: Dearborn fa? Ita aka fi ji a labarai.

Malam Kabiru: Fiye da rabin mutanenta 'yan asalin Gabas ta Tsakiya ne. Nan ne Islamic Center of America take, babban masallacin 'yan Shi'a da aka buɗe sabon gininsa a 2005, coci-coci na maƙwabtaka da shi. Sai dai a lura, ba duk Balaraben Michigan ne Musulmi ba. Akwai Kiristocin Labanan, ga kuma Kaldiyawa daga Iraki, dubbai masu yawa, da har yau suke addu'a da harshen Aramaik.

Zainab: Ni labarin makarantar Fordson da ke Dearborn ne ya tsaya mini a rai. A 2010 azumi ya faɗo cikin zafin Agusta, daidai lokacin atisayen ƙwallon Amurka, kuma galibin 'yan wasan na azumi. Sai kocin ya mai da atisayen dare, daga ƙarfe 11 zuwa 4 na asuba. Yara su sha ruwa, su yi gudu, su yi sahur, su kwanta.

Danjuma: Har waɗanda ba sa azumin suka bi tsarin.

Zainab: Suka bi. To masu sauraro, lokaci ya cimmana. Malam Kabiru, Danjuma, mun gode. Mako mai zuwa za mu leƙa Utah, jihar Mormon. Mu kwana lafiya.