Amsoshin Tambayoyinku: Allunan Talla a Mahaɗar Hanya

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani direban a-daidaita-sahu a Kano, yana tambaya: "Manyan allunan tallan nan masu walƙiya da ake kakkafawa a shataletale, da gaske suna jawo haɗari?"

To malam, mu yi lissafi tare. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. In ka ɗaga kai ka karanta talla na daƙiƙa biyu, ka shafe mita 33 ke nan ba ka ga gabanka ba. A 2006 masana a jami'ar Virginia Tech ta Amurka sun fitar da sakamakon wani bincike da suka maƙala kyamara a cikin motoci 100, suka bi yadda masu su ke tuƙi. Sun gano cewa kawar da ido daga titi fiye da daƙiƙa biyu yana ninka yiwuwar karo, ko a tsallake rijiya da baya.

Abin ya fi muni a mahaɗa, domin a nan ido ba shi da hutu. Ga danja, ga ɗan acaɓa ya kutso ta hagu, ga yarinya da tiren gyaɗa za ta tsallaka, ga na gabanka ya taka birki. Allon da hotonsa ke sauyawa kuwa fizgar ido yake yi, ko mutum bai yi niyya ba. A Suwidin an gwada irin waɗannan alluna a babbar hanya a Stockholm, aka ga direbobi sun fi daɗewa suna kallonsu fiye da sauran alamomi, daga baya aka cire su. Ni a ganina, bai kamata a bar ko ɗaya a bakin shataletale ba.

Sai wata malamar makaranta daga Zariya, ta ce fastocin 'yan siyasa sun rufe alamar tsallakawar yara da ke ƙofar makarantarsu, ina za ta kai kuka?

Malama, wannan ya taɓa min zuciya. Baƙon direba bai san akwai yara a gaba ba sai alamar ta gaya masa. Ki ɗauki hoton wurin, ku rubuta takarda da sa hannun shugaban makaranta da iyaye, ku kai ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa mafi kusa da ku, ku bai wa ƙaramar hukuma kwafi. Kafin a gyara, a samu babba ya riƙa tsallakar da yaran safe da lokacin tashi.