Mawaƙin da Aka Kashe Saboda Sunansa

Wani mutum ya fito daga gidansa a birnin Rum, zai tafi jana'izar Julius Kaisar, mai mulkin Rum da aka kashe. Sunansa Cinna, marubucin waƙa ne, kuma masoyin mamacin. Bai yi nisa ba ya yi kiciɓis da gungun mutane a fusace. Suka tare shi da tambayoyi. Wane ne kai? Ina za ka? Ina gidanka? Magidanci ne kai ko tuzuru? Ya amsa musu ɗaya bayan ɗaya. Yana faɗin sunansa sai wani ya daka tsawa, ya ce ga ɗaya daga cikin makasan Kaisar. Da ma akwai wani Cinna a cikin waɗanda suka ƙulla kisan, amma ba wannan ba ne. Bawan Allah ya yi ta kururuwa, ni Cinna mai waƙa ne, ni Cinna mai waƙa ne. Sai wani daga cikin taron ya ce, to a yayyaga shi saboda waƙoƙinsa ba daɗi. Ya ƙara da cewa ba komai, ai dai sunansa Cinna. Haka suka ja shi suka tafi da shi.

Masu kallo, wannan ɗan gajeren fage yana cikin wasan kwaikwayon Julius Caesar na William Shakespeare. Wani baƙo ɗan ƙasar Suwizalan, Thomas Platter, ya rubuta cewa ya kalli wasa a kan Kaisar a Landan ranar 21 ga Satumba, 1599. Shekaru sama da 400 ke nan. Amma duk wanda ya taɓa ganin an yi wa mutum ihun ɓarawo a kasuwa, ya ga yadda dutse ke riga tambaya isa, ba sai an yi masa bayanin wannan fagen ba.

An haifi Shakespeare a 1564 a garin Stratford na Ingila, mahaifinsa maɗinkin safar hannu ne. Bai yi jami'a ba. Ya tafi Landan ya zama ɗan wasa, marubuci, kuma mai hannun jari a gidan wasan Globe. Ya rasu a 1616 yana da shekara 52. Bayan shekara bakwai abokan aikinsa biyu, John Heminges da Henry Condell, suka tattara wasanninsa 36 suka buga a littafi guda. Kusan rabinsu ba a taɓa buga su ba kafin nan, har da wannan na Kaisar. Ba don amanar waɗannan mutane biyu ba, da wataƙila ba mu san labarin Cinna daga alƙalaminsa ba.

To me ya harzuƙa taron har haka? Magana ce kawai. Bayan an kashe Kaisar, Brutus, jagoran makasan, ya hau mumbari ya yi bayani a natse. Ya ce yana ƙaunar Kaisar, amma ya fi ƙaunar Rum. Jama'a suka gamsu, har wani ya ce a naɗa Brutus ya gaje shi. Sai Brutus ya yi kuskuren da ya ci shi: ya bar Mark Antony, aminin mamacin, ya yi magana a bayansa, shi kuwa ya tafi gida.

Ku lura da yadda Antony ya bi da su. Bai fara da zagin kowa ba. Yabon Brutus ma ya dinga yi, yana maimaita cewa ai Brutus mutumin kirki ne, har kalmar ta juye ta zama zargi a kunnen jama'a. Ya ɗaga wasiyyar Kaisar ya nuna musu, sannan ya ce ba zai karanta ba, kada ransu ya ɓaci. Suka yi ta roƙonsa. Ya sauko ya ɗauki alkyabbar mamacin, yana nuna hujin da kowace wuƙa ta yi, yana kiran sunan mai ita. Daga nan ya yaye mayafi, gawa ta bayyana. Sai a ƙarshe ya karanta wasiyyar: dirhami 75 ga kowane ɗan gari. Taron da ya gama yi wa Brutus tafi ɗazu, shi ne ya ɗauki itacen wuta ya nufi gidansa. Antony ya tsaya yana kallonsu, ya ce wa kansa fitina ta miƙe, ta bi duk hanyar da ta ga dama. Wanda ta fara ci kuwa shi ne Cinna, da bai san hawa ba bai san sauka ba.

A yau mumbarin ya koma cikin aljihunmu. Hoton gawa, guntun bidiyo da aka yanke farkonsa, saƙon murya a WhatsApp da ke cewa a tura wa kowa kafin a goge. Wasiyyar da aka ɗaga aka ƙi karantawa ita ce mai cewa yana da hujja, zai sake ta gobe. Kayan aikin ne suka sauya, dabarar tana nan yadda Antony ya bar ta.

Wannan wasa ya yi tafiya mai nisa a Afirka. Julius Nyerere na Tanzaniya ya fassara shi zuwa Suwahili a 1963. A kurkukun tsibirin Robben na Afirka ta Kudu kuwa, wani fursuna mai suna Sonny Venkatrathnam ya lulluɓe littafin Shakespeare da katunan bikin addinin Hindu, ya dinga zagayawa da shi, kowa na sa hannu a wurin da ya fi taɓa shi. Ranar 16 ga Disamba, 1977, Nelson Mandela ya sa hannu a gefen baitocin da Kaisar ke cewa matsoraci yakan mutu sau da yawa kafin ajalinsa, jarumi kuwa sau ɗaya yake ɗanɗanar mutuwa. Mu ma nan ba a bar mu a baya ba, marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wani wasan nasa zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu.

Amma akwai abin da ke damuna da yadda ake yawo da hikimar Shakespeare a intanet. A tsinko jimla guda, a ɗora a kan hoto, a rubuta sunansa a ƙasa. Alhali shi mai wasan kwaikwayo ne, kowace magana akwai bakin da ya sa ta, akwai kuma dalili. Ga misali. Akwai shahararriyar maganar nan cewa wanda ya sace mini jakar kuɗi shara ya sata, amma wanda ya ɓata mini suna ya talauta ni ba tare da ya ƙaru da komai ba. Magana ce mai kyau. Wa ya faɗe ta? Iago, babban munafukin wasan Othello, a daidai lokacin da yake shirin ɓata sunan matar da ba ta yi komai ba. Shi ɗin ne kuma ya gaya wa wani a baya cewa suna aikin banza ne, ana samunsa ba cancanta, a rasa shi ba laifi. Yana ba kowa abin da zai ɗaure shi. A ganina hikimar tana nan, a nuna mana cewa mugu ma ya iya wa'azi.

Othello janar ne baƙar fata a rundunar Venice, jarumi da ya ga yaƙi iri-iri. Iago bai zo masa da ƙarya kai tsaye ba. Ya hango matar Othello, Desdemona, tana magana da Cassio, tsohon mataimakin janar ɗin, sai kawai ya ce cikin ƙasa-ƙasa, wannan abu bai yi mini ba. Da aka tambaye shi, ya ce a'a, ba komai. Ya bar Othello da kansa ya dinga tono maganar. Har gargaɗi ya yi masa a kan kishi. Da Othello ya ce sai ya ga hujja da idonsa, abin da aka kawo masa ɗan hankici ne da matar ta yar bisa kuskure, aka ajiye a ɗakin Cassio. Zuciyar da zargi ya riga ya cika, hankici ya ishe ta. Bai zaunar da matarsa da Cassio wuri ɗaya ya ji ta bakinsu ba. Ya kashe ta a kan gadonta tana rantsuwa ba ta aikata ba.

Wadda ta tona asirin ita ce Emilia, matar Iago, wadda ita ce ta tsinci hankicin ta ba mijinta ba tare da sanin abin da zai yi da shi ba. Mijin ya ce ta yi shiru ta tafi gida, ta ƙi. Ta faɗi gaskiya a gaban kowa, ya soke ta a wurin. Sai Othello, da duniya ta riga ta rushe masa, ya roƙi a tambayi Iago dalilin da ya sa ya yi masa haka. Iago ya ce kada a tambaye shi komai, abin da kuka sani kun sani, daga yanzu ba zan ƙara cewa uffan ba. Kuma har aka rufe labule bai ƙara ba.